Laifin Mai Faifai Ne

A gidanmu na Batsari ba a musu da Baba a kan lokacin shuka, ba a musu da shi a kan gishirin miya, amma waɗannan yakan ɗan sassauta in ya tashi da fara'a. Abin da bai taɓa sassautawa a kai ba shi ne hoton wani tsohon fim ɗin Indiya, baƙi da fari, wanda ya gani a silima a Katsina tun yana saurayi, kafin ya zama malamin gona, kafin ya auri Inna, kafin a haife mu, mu da muka zo duniya musamman don mu riƙa gaya masa ya yi daidai.

Labarin fim ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne. Wani mai tuƙa kwale-kwale ne da wata mace mai ɗiban ruwa da tulu. Suna son juna, suna waƙa a bakin kogi, farin wata ya fito, can gaba kowa ya yi kuka. Babu mai jin yaren a gidan, har shi Baban, amma ya san fim ɗin kamar hanyar gonarsa. Ya san inda mai kwale-kwale zai yi tari. In an zo wurin, Baba kan riga shi gyaran murya.

Ina firamare ya sayo shi a kaset ɗin bidiyo, kwafin kwafi, wanda aka kwafa daga na wani da ya ara bai mayar ba. Hoton yana zubar ruwa kamar ana yayyafi a cikin akwatin, kan jarumin ya lanƙwashe ya nufi Jibiya, ƙafafunsa suna nan Batsari. Mu ne masu goge kan bidiyo da auduga, mu ne masu naɗe zare da biro in injin ya cinye shi. Baba zai zauna a kujerarsa ta ƙarfe yana girgiza kai.

"Wannan ai gawar fim ce," in ji shi. "Da kun gan shi a silima, har ɗigon ruwan da ke bin tulu ana gani."

A lokacin gaskiya yake faɗa, kuma daga nan matsalar ta samo asali. Mun saba amsa masa da "Ƙwarai, Baba," har bakinmu ya riƙe amsar, ba ta biyawa ta kai kafin ta fito.

Zamani ya juya, kaset ya mutu, faifai ya zo. Na farko guda biyu ne a kwali ɗaya, sai an zo daidai inda za a fara kuka sannan ya tsaya a sauya. Wani lokaci hoton ya daskare, fuskar matar ta farfashe gida-gida kamar tabarmar roba, amma ya fi kaset nesa ba kusa ba. Bayansa aka kawo mai guda ɗaya, wanda ya fi shi kyau. Duk a wurin mutum ɗaya muke saye, wani mai teburi a gindin bedi a kasuwar Batsari, wanda kowa ke kira mai faifai.

Lokacin na fara koyarwa a Safana, ina leƙo gida ranar kasuwa. Ranar da na kawo faifan nan guda ɗaya na saka, sai ga ɗigon ruwa yana bin tulu, ɗigon da aka shafe shekaru ana ba mu labarinsa. Na juya ina jiran a sa mini albarka.

"Sun zuba mashi hayaƙi," Baba ya ce. "Mi ya sa komi na zamanin nan sai an yi mashi algus?"

Na buɗe baki. Inna, da ke bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ta ɗago ta yi mini irin kallon da ke mai da magana ciki. Na ce, "Ƙwarai, Baba, da ɗan hayaƙi."

Babu hayaƙi a faifan. Yanar ido ce ta fara rufe idanun Baba, kuma duk wanda ke gidan ya sani. Sai dai a wajenmu ɗa ba ya duban ubansa ya ce masa ka gaza, mata ba ta cewa mijinta idonka ya mutu. Ga shi kuma Baba yana da dalilinsa na tsoro. Amininsa na Ruma ya taɓa miƙa idonsa ga wani mai allura da ke yawo ƙauye-ƙauye yana cire yana, ya shiga yana ganin dishi-dishi, ya fito sai da ɗan jagora. Tun daga ranar, duk wanda ya ambaci aikin ido a gaban Baba ya zama maƙiyinsa. Don haka muka bar jaki, muka koma dukan taiki, taikin kuwa shi ne mai faifai.

Kowace kasuwa Baba zai sa babbar riga ya tafi gindin bedi mayar da faifai. Sai sun gama gaisuwa tsaf, an tambayi iyali da gajiya da ruwa da yara, sannan Baba ya soma. Mai faifai kuwa shi ma ɗan gidan mutunci ne, abin da ya ƙara lalata al'amarin ke nan. Zai durƙusa ya ce, "Laifina ne, Baba, kamfanin ne suka cuce ni." Ya shiga ƙarƙashin teburi ya sauya wa faifan kwali ya miƙo masa shi, ya ce wannan yanzu aka sauke shi daga jirgi. In ranar akwai haske sosai a ɗaki Baba ya ce wannan da dama-dama. In hadari ya haɗo ya ce an sake cutarsa.

Ba fim kaɗai aka zalunta ba. Masu buga littattafai sun fara rowar tawada. Masu yin kofi sun ƙanƙance masa baki, shi ya sa shayi ke zuba a tire. Ya daina hawa babur saboda gwamnati ta lalata hanya, wanda wannan kam akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wata Juma'a ya dawo da takalmin wani, mai takalmin ya biyo shi har gida ya ba shi haƙuri a kan ya ajiye nasa kusa da na Baba. Gari guda ya haɗu ya yi wa mutum ɗaya ladabi, ba wanda ya karya layi.

Daga baya na sayo babbar talabijin mai faɗi, na haɗa masa da sola, na samo fim ɗin a memori. Ya juya memorin a tafin hannunsa ya miƙo mini abina.

"Abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ta ina kogi zai shiga?"

Sai mai faifai ya samo mana wani sabon bugu a faifai, wanda aka ce masana sun zauna sun wanke fim ɗin hoto bayan hoto, sun cire duk wani zane da tabo. Gaskiya sun yi aiki. Ana ganin saƙar igiyar kwale-kwale, ana ganin ƙudan da ya sauka a kafaɗar jarumi, wanda ina jin ko shi jarumin bai san da shi ba. Baba ya ja kujerarsa gaba, ya ƙara ja, har hancinsa ya kusa gaisawa da gilashi.

"Wannan ya fi duka muni," ya ce. "Sun wanke shi har sun wanke mutanen ciki."

Muka ce ƙwarai.

Abin da ya karya layin gero ne. Tun da zuwa gona mai nisa ya zama sai an yi shahada saboda 'yan bindiga, Baba ya koma noma 'yar gonarsa ta bayan gari. Wata safiya a farkon damina ya ɗauki fartanya ya tafi noman firi shi kaɗai. Da aka bi shi da fura, aka tarar ya nome kunya da dama na gero tas, ya bar ciyawa tsaye a jere, cikin tsari, kamar yadda ya shafe rayuwarsa yana koya wa manoma. Da labarin ya iso gida, har wani daga cikinmu ya fara cewa ai irin bana ne ya yi kama da ciyawa. Da na zo ranar kasuwa ta kira ni madafa, idonta ja, ta ce hayaƙin itace ne. Gidanmu dai hayaƙi ya sha ɗaukar laifi.

"Ka tahi ka ɗauko mani gwaggonka ta Safana," ta ce. "Ita kaɗai Allah ya ba bakin."

Wannan gwaggo taubashiyar Baba ce, 'yar ƙanwar mahaifinsa. Tsakanin taubasai babu kunya, babu girma. Ta zage shi a gaban surukansa ya yi dariya, ya kira ta baiwar gidansu ta kira shi bawanta, kuma tun suna yara ba a yanke hukuncin wane ne bawan wani ba. Na same ta tana bakace a tsakar gida. Na durƙusa muka gaisa har gwiwata ta fara ƙorafi, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ku ke tsoron shi," ta ce. "Ni na taɓa tura shi kududdufi da sabuwar riga. Bari in ɗauko mayafi."

Muka shiga motar kasuwa da rana tsaka, lokacin da hanya ke da mutane. Tun daga soro ta fara.

"Ina makahon gidan nan? An ce ka zama likitan ciyawa."

Kalmar da muka shafe shekaru muna kewayewa ce ta jefar kamar ɓawon gyaɗa. Baba kuwa ya tuntsire da dariya.

"Allah ne ya ji ƙaina ya sa labule tsakanina da huskarki," ya ce. "Wa ya kwance baiwar nan ta shigo gari?"

Ta maimaita, ya rama. Ta ce yanar ido ce, ya ce hassada ce. Aka ci tuwo ana dariya. A nan na gane inda lissafin Inna ya kuskure. Taubashi yana da izinin faɗar komai, amma saboda wannan izinin babu abin da ya faɗa da ake ɗauka da gaske. Mun ɗauko wadda za ta iya faɗar gaskiya, ashe ita ce kaɗai wadda ba dole a yarda da ita ba.

Bayan La'asar Baba ya ce a sa wa baƙuwa fim, ko ta waye. Da rana muke kallo a shekarun nan, ba mai son ƙara da haske a gidansa in gari ya yi shiru. Na saka sabon faifan. Gwaggo ta zauna a tabarma tana kallon Baba, ba ta kallon talabijin. Da aka kusa waƙar bakin kogi ta yafuto ni, ta tambaye ni a kunne wace waya ce ke kai hoto. Na nuna mata mai ruwan ɗorawa a bayan injin, ja da fara na murya ne. Ta ce in zare ta. Na tsaya ina dubanta. Ta zare mini ido, na zare waya.

Gilashin ya koma shuɗi fes, babu kowa, babu komai. Kiɗan ya ci gaba.

"Yau kuma bula suka zuba," Baba ya ce, ya yi tsaki. "Amma dai ya fi na rannan. Ga ta can ta ɗauko tulu. Ku duba yadda take taka dutse, ba ta ko kallon ƙasa."

Yana nunawa da yatsa. Ya nuna mana kwale-kwale ya iso, ya nuna wata ya fito ta saman bishiya, ya yi gyaran murya daidai inda ake tari. Na daɗe ina yi wa wannan al'amari dariya a ɓoye, ina ba abokan aikina labari a Safana, amma ranar ban ga abin dariya ba. Tausayinsa ya kama ni. Inna ta tashi ta fita.

Na ɗauka Gwaggo za ta fashe da shewa, don ba ta taɓa samun makami irin wannan ba. Ba ta yi ba. Ta taso daga tabarma da ƙyar, ta durƙusa a gefen kujerarsa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Yaya," ta ce.

Hannun Baba ya tsaya a sama.

"Wa kike kira Yaya?"

"Kai. Yaya, tun ɗazu ba kowa cikin akwatin nan. Na sa yaron nan ya cire wayar hoto. Shuɗi ne kawai."

Waƙar ta kai ƙarshe. Da ta ce masa makaho ya san amsa, yana da irinta buhu-buhu. Girmamawa ce daga bakinta bai san inda zai ajiye ba.

"Ba wasa kike ba," ya ce a hankali.

"Ba wasa nike ba."

Ya juyo inda yake zaton ina tsaye, ya ɗan kauce kaɗan. "Kai, haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"To faifan hwa?"

"Faifan lafiya lau yake, Baba. Har na bayan ma."

Ya sunkuyar da kai. "Ashe na ɗauki alhakin bawan Allah," ya ce.

Ni na kai shi asibiti a Katsina. Duk hanya yana riƙe da carbi yana ba ni wasiyya a kan gona, kamar wanda za a kai mahauta. Likitar da ta duba shi ba ta kai ni shekaru ba, kuma da alama ba a Batsari aka yi mata tarbiyya ba, don kai tsaye ta faɗa. Idon dama za a yi masa aiki ya gani. Na hagu yanar ta daɗe har ta lalata abin da ke bayanta, ko an cire ba zai dawo ba. Ta tambaye ni me ya hana mu kawo shi da wuri. Na rasa yadda zan yi mata bayanin cewa ba mu da lokaci, muna can muna ladabi. Ba dai wanda zai ce 'ya'yan Baba ba su da tarbiyya. Ido ɗaya kawai ta ci.

Da aka cire masa bandeji, abin da ya fara cewa shi ne rigata ba ta da guga. Na ji daɗin wannan faɗa fiye da duk wata albarka da ya taɓa sa mini.

Muka dawo gida da hantsi, yana sanye da baƙin tabarau, 'yan barka sun cika soro. Mai faifai ma ya zo. Baba ya kama hannunsa da hannu biyu ya nemi gafara, shi kuwa saboda sabo ya ce laifinsa ne. Gwaggo ta aiko daga Safana a gaida mata bawanta mai ido ɗaya, a gaya masa yanzu sai ya riƙa noma rabin gona. Inna ba ta fito ba. Tana madafa tana fama da abincin baƙi, ta aiko da sannu da zuwa ta bakin yara, kamar yadda ta saba in akwai mutane.

Soro na watsewa, kafin ya ko cire hula, Baba ya ce a sa fim. Likita ta ce ya huta wa idon, amma likita tana Katsina. Na mayar da wayar nan mai ruwan ɗorawa, na saka wankakken faifan. Ya zauna daga nesa, ya ɗaga tabarau, ya kafe gilashin da idonsa guda.

Ya ga ɗigon ruwa a jikin tulu, ya gyaɗa kai. Daga nan abubuwa suka fara lalacewa. Masu wanke fim ba su bar wa kowa sutura ba. Gashin bakin jarumin manna shi aka yi, gefe ɗaya ya ɗan ɗago. Hodar fuskar matar ta tsaya a haɓa, wuyanta wani launi daban. Kogin da Baba ya shafe shekaru yana kwatanta mana da teku ya ƙare a jikin wani bango da aka zana wa bishiyoyi. Farin watan kuwa a jikin ƙyalle yake, har ana ganin karin ninki ya ratsa shi.

"Wannan ba shi ba ne," ya ce.

"Shi ne, Baba."

Na ji kaina na faɗa, na jira sama ta faɗo. Ba ta faɗo ba.

"A silima kogin ya hi haka girma," ya ce, amma a sanyaye, ba mai neman a ce masa ƙwarai ba.

Ana cikin haka Inna ta yi sallama ta shigo da kwanon kunu. Ta durƙusa ta ajiye a gabansa, ta ce sannu da hanya, Malam, ya jiki, ta yunƙura za ta tashi. Sai ya ce ta tsaya. Ya dube ta, ya ci gaba da dubanta har ta fara gyara ɗankwali. A talabijin an fara waƙar bakin kogi, wurin da ko gobara ake ba ya yarda a yi magana.

"Ke," ya ce, "yaushe kika yi hurhura haka?"

"Ina nan gabanka na yi ta, Malam," ta ce. "Kana can kana hwaɗa da mai faifai."

Bai yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba. Ya ɗaga mini hannu ba tare da ya juyo ba.

"Kashe abin nan."

Tun da nake ban taɓa ganin an tsayar da fim ɗin a tsakiya da izininsa ba. Na kashe, na ɗauki takalmina na fita tsakar gida. Da na waiwaya ta labule, kunun yana nan yana hucewa, Inna ta zauna a tabarma tana kallon ƙasa, shi kuma bai mayar da tabarau ɗin ba.